Bindigar Baba a Maƙerar Labaran

Yayana Kailani mai kananzir ne a bakin kasuwar Tudun Wada. Yakan saro garwa a kantin Ejiofor, ya zauna gindin ceɗiya yana aunawa a kwalba, kuma ko ɗan uwansa ne ya zo ba zai ƙara masa ɗigo ba. Amma ba da kananzir aka san shi a unguwa ba. Idan aka ga watan azumi, ko na Sallah, Liman ya tabbatar, Yaya ne ke hawa tudun bayan masallaci ya harba bindiga kowa ya ji. Kafin ƙarar ta fito babu macen da za ta jiƙa gero. A wannan magaribar kam, ko mai unguwa bai kai shi daraja ba, shi ma ya sani.

Bindigar adaka ce ta mahaifinmu, Baba Nagoda, wanda ya yi farauta da ita tun Tudun Wada tana rabin daji. Ta tsufa tukuf. An ɗaure ƙotarta da fatar akuya, kunamar tana lilo kamar haƙorin tsohuwa, amma Yaya yana shafe ta da man gyaɗa duk Juma'a, abin da bai taɓa yi wa ƙafafunsa masu faso ba.

Ni ce Sakinatu, ƙanwarsa. Na dawo gidansa bayan rasuwar mijina ina suyar ƙosai, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Akwai Muntaka, ɗan ƙanin Baba, wanda aka kawo gidanmu yana maraya. Tare Baba ya koya musu harbi. Wata rana, a gaban baƙi, Baba ya ce, "Kailani akwai ƙarfi, amma hannun na Muntaka ne." Baba ya faɗa ya mance. Yaya bai mance ba. Ya yi aure, ya haihu, ya yi furfura, maganar tana nan a ƙirjinsa. Da aka raba gado bindigar ta faɗo masa, sai ya ga kamar an yanke shari'ar ke nan, shi ya yi nasara.

A shekarar 1955 Muntaka, wanda ke aikin reluwe, ya sayi bindiga mai baki biyu, sabuwa fil, har da lasisi. Ranar da ya kawo ta a sa masa albarka, Yaya ya juya ta, ya leƙa bakin, ya ce, "Ƙarfen Turawa ai kyan gani ne kawai." Amma na ga yadda yatsunsa suka ƙi sakinta. Daren nan ya ce tuwona ya yi gishiri, alhali ban sa gishiri a tuwo ba tunda nake. Kishi ne, ba wani abu ba. Daga nan kullum sai ya samo aibi: wai ƙararta ba ta da zurfi, wai mai albashi ba ya zama maharbi. Shi kuwa Muntaka ko sau ɗaya bai fito da ita ranar ganin wata ba sai an ce ya zo da ita, kuma yakan tsaya can baya.

Shekara ta kewayo, ana tsakiyar zafin bazara aka fita duban watan azumi. Aka gani, Liman ya ɗaga hannu. Yaya ya gyara tsayuwa, ya ja kunama. Sai bindiga ta ce fus, hayaƙi ya fito ta gefe, ya babbake masa rabin gemu. Jama'a suka yi ta ƙoƙarin danne dariya, wasu suka kasa. Muntaka ya matso ya miƙa masa tasa da hannu biyu.

"Yaya, harba da wannan. Mata na jira."

"Ban roƙe ka ba," in ji Yaya.

Liman ya ce to Muntaka ya harba. Ya harba, ƙarar ta girgiza unguwa har tsuntsaye suka tashi. Yaya ya sauko daga tudun bai kalli kowa ba.

Washegari ya kai ta wurin Labaran maƙeri. Labaran ya kankare tsatsar, ya nuna masa tsaga siririya a jikin ƙarfen. Ya ce, "Malam Kailani, wannan ta gama aiki. In ka sake ɗura mata albarushi, da hannunka za ta tafi. Ka rataye ta, ko ka bar mini in yi bututun zugazugi da ita, nawa ya cinye." Yaya ya zage shi, ya ɗauko abarsa.

Ana cikin azumi Muntaka ya zo bayan shan ruwa, da bindigarsa a naɗe cikin zane. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ajiye ta a gabansa.

"Yaya, musaya na zo mu yi. Ka riƙe wannan, ka ci gaba da yi mana harbin wata kamar yadda aka saba. Ni ka ba ni ta Baba."

"Me za ka yi da mushe?"

"Ba komai. In rataye a ɗakina in riƙa gani. Da ita ya koya mini."

Ina bakin murhu na ce a raina, alhamdu lillahi, an kashe wutar. Ga bindigar da ya shekara yana mafarkinta, ga matsayinsa ya dawo, a kan ƙarfen da ba ya ko tsorata kaza. Sai na ga fuskar Yaya ta canza. Ashe da ya ji Muntaka na son ta Baba, sabuwar ta fita daga ransa nan take.

"Da ita ya koya maka," ya maimaita. "Ni da muciya ya koya mini? Ɗauki kayanka."

Da Muntaka ya fita na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Yaya! Mutum ya kawo maka girma har gida ka kore shi? Baba ya riƙe ku tare, kai ne za ka raba?" Ya ce in kula da ƙosaina. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son su duka biyun, kuma ina ganin wanda zai yi asara.

Kwanaki ya yi yana juya abin. In ya rataye bindigar Baba, wata rana zai mutu, 'ya'yansa su ba Muntaka, don suna ƙaunarsa. In ya binne ta, sai a ce ya haukace. Ana gab da Sallah ya naɗe ta ya koma maƙera, ya tsaya a kan Labaran har ya cire ƙotar, ya yanke ƙarfen, ya ɗaura shi a bakin zugazugi. Ya dawo gida da guntun katako a hammata yana murmushi, ya ce mini, "Yanzu sai ya rataya mu gani."

Watan Sallah Muntaka ne ya harba. Yaya yana ɗaki, ya ce kansa ke ciwo.

Bayan Sallah, wata la'asar, yana dawowa daga kasuwa ya bi ta gaban maƙera. Wa zai gani zaune a kan buzu, ya naɗe hannun rigar reluwe, yana zuga wuta? Muntaka. Labaran ya ce tun da Muntaka ya ji labari kullum in ya tashi aiki nan yake zuwa, ba ya karɓar komai, zugar kawai yake so.

Muntaka ya ɗago kai da fara'a, ya ce, "Yaya, zo ka gani. Ƙarfen Baba har yanzu yana aiki. Zauna ka karɓe ni."

Yaya bai zauna ba. Ya shigo gida ya ajiye garwa, ya ƙi taɓa abinci. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sakinatu, a wuta na sa ta, sai da ya bi ta."

Bai sake hawa tudun nan ba. Har Allah ya karɓi ransa, in zai tafi kasuwa sai ya kewaya ta bayan makabarta da garwarsa a kai, don kada ya ji ƙarar zugazugin.