Takalmin Yaya Mai Launin Yashi

Tun Yaya yana kurtun soja ni ce mai goge masa takalmi. Duk hutun da ya zo gidanmu na Tudun Ƙofa, sai in zauna bakin rijiya da tsumma da gwangwanin man takalmi, in yi ta murzawa har in hango fuskata a jikin fatar. Ba wanda ya ɗora mini aikin, ba kuma wanda ya isa ya karɓe shi.

Ina aji biyu a jami'a aka tura shi horon haɗin gwiwa da sojojin maƙwabta, aka raba musu sababbin kayan da gwamnati ta sayo daga waje. Da ya samu hutu, tare ya iso da wani dogon sojan Nijar mai sanyin murya. Yaya ya gaya wa Inna cewa wannan ɗan'uwansa ne. Inna ta sa aka yanka kaza, ni kuma na yi ta juya kalmar nan ta ɗan'uwa a raina.

Da safe na ɗauko gwangwanina. Takalmin da na tarar a ƙofar ɗaki launin yashi ne, mai laushi kamar fatar ɗan maraƙi. Ina buɗe murfi baƙon ya fito.

"Ƙanwata, wannan ba ya shan mai," in ji shi. "Burushi kawai yake so."

Ya durƙusa ya share na Yaya, sannan nasa. Yaya yana daga ciki yana dariya, wai gwamnati ta sallame ni daga aiki ba ko sisin fansho.

Da yamma a zaure Yaya ya yi wa Baba bayani. A horon nan kowane soja ana haɗa shi da aboki daga ɗaya rundunar. Kafin a fita daji, abokin ne zai ja maka maɗaurin rigar kare harsashi, ya duba hular kwano da na'urar magana, kai ma ka duba nasa. Ya nuna mana a waya: hannun baƙon a kafaɗarsa, yana ɗaure masa abin da ban ma san sunansa ba. Suna da barkwancinsu rabi da Faransanci. Na kawo shayi, na tsaya, ba wanda ya fassara mini.

Ranar komawa na raka su tashar hanyar Abuja. Na so Yaya ya faɗa mini wani abu nawa ni kaɗai. Ya leƙo ta tagar mota, ya nuna baƙon.

"Auta, ki riƙa sa shi a addu'a. Shi ke tsare bayana."

Ina sa shi. Da shi ma nake farawa bayan kowace salla, domin in ya faɗi, bayan Yaya a buɗe yake. Sai dai ina shafawa nake tuna cewa duk abin da ya sami Yaya a can, daɗi ko wuya, shi zai riga ni sani.