Takalma a Ƙofar Masallacin Tasha

Roni zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata muka hau babura biyu daga Roni, ni da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Tun da aka fara aikin layin dogon da zai ratsa Kazaure ya wuce Maraɗi, wani dillali ya nuna mini filin kasuwanci jikin katangar sabuwar tashar Kazaure, ya ba ni wa'adi zuwa Juma'a. In zan saya, dole in sayar da sitona na riɗi, gumina na shekara ashirin. Ni kuwa ban taɓa sayen buhu ban zura hannu ciki ba. Na ce sai na ga jirgi da fasinjojinsa da idona. Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana sayar da goro a tashar Kano, shi ya sa na ɗauke shi.

A Kazaure muka shiga bas ƙarfe shida da kwata. Bayan shingen Dambatta direba ya ji hirarmu.

"Baba, in jirgin nan ya zo, mu kuma noma za mu koma?"

"Da can ku kuka kwashe mana fasinja," in ji Kawu. "Yanzu ku ɗanɗana."

Motar duk ta ɗauki dariya.

Na tsaya Dawanau na ji farashin riɗi, azahar ta same mu a masallacin da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin Kano. Kawu ya tsaya a ƙofa yana nuni da sanda.

"Habu, ka ga ma'aunina. In kana son sanin ƙarfin tasha, ƙirga takalma lokacin salla."

Ƙafa goma sha ɗaya, har da namu. Ya ce a zamaninsu a hammata ake maƙale takalmi, don in ka ajiye ba ka gane naka. Sai aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka yi yawa, jirgi ya riƙa makara. "Ba rana ɗaya mutane suka watse ba. Janyewa suka yi kamar ruwan tafki, har na wayi gari ina cin gorona da kaina."

Na fara shakkar filin dillali.

Kaduna

Mun bar Kano biyu da rabi, muka isa Kaduna ana kiran magariba. Muka sauka gidan Alhaji Bala, wanda nake yi wa lodin gyaɗa. Tuwon shinkafa miyar taushe, Kawu ya yi ƙari. Tun shekaranjiya Alhaji ya sayo mana tikitin Abuja ta waya, ya ce da ya yi jinkiri da mun rasa. Ya ce da hanyar mota ta yi tsanani kowa jirgi ya koma, har manya. An yi wani lokaci tsoro ya kore su, ga shi kuma sun dawo sun cika shi.

Rigasa

Laraba, ƙarfe ɗaya muna bakin tashar jirgin Abuja. Mutane na ta kwarara da jakunkuna, na ce a raina fili ya sayu. Amma da aka tayar da salla a ɗan masallacin da ke jikin katanga, takalma ba su kai ashirin ba. Kawu ya ƙirga sau biyu.

"Ko dai ma'aunin ya tsufa ne, Kawu?"

"Kai ne dai za ka tsufa."

Wata mai shinkafa da wake tana zaune gefe, tukunyarta cike. Na sayi faranti biyu na tambaye ta ciniki.

"Alhaji, waɗannan tikitinsu na cikin waya. Sai jirgi ya kusa tashi suke zuwa, su shige ko kallona ba sa yi. Je ka mararraba ka ga inda ake ci."

Muka taka zuwa inda motoci da keke suke sauke mutane. Can direbobi, 'yan dako da 'yan rakiya suka yi sahu har bakin titi, takalma tuli guda. Kawu ya buga sanda a ƙasa.

"Ma'auni na nan daram. Wurin awon ne ya tashi."

Jirgi ya cika maƙil, ga sanyi, ba gargada. Kawu ya ce na da ya fi hira, sannan ya yi barci har Abuja. Muka kwana ɗakin baƙi na wani ɗan garinmu.

Gida

Alhamis muka juyo ta jirgin safe, muka kama mota, bayan isha muna Kazaure. Juma'a da hantsi na sami dillali na ce na fasa. Ya ce zan yi nadama. Na ce ya kai ni mararrabar da hanyar tasha za ta haɗu da titi. Can na sami ɗan fili da kuɗin bijimaina biyu suka isa saye, sitona bai motsa ba. Ko jirgi ya cika ko ya rame, mota ba ta fasa tsayawa a wurin.

Kawu ya zagaya filin, ya ja layi da sanda ta gabas.

"Nan masallaci. Nan kuma faifan gorona, inda zan riƙa ganin takalma."

La'asar ta yi mana a Roni. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sannan ga Alhaji Bala, da baiwar Allah mai shinkafa da ban ko tambayi sunanta ba.