Ranar da Tuwon Gayya Ya Tsare Mana Gida

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba idan zan tashi daga tabarma, na taɓa zama ɗan ƙwallo. Na san waɗanda suka san ni yanzu da wannan tumbin za su yi dariya. Ku yi abinku, akwai hoto a ɗakin mahaifiyata.

Ƙungiyar unguwarmu ce a Gwandu, ta samarin da suka tashi tare: teloli, masu faci, manoman albasa da 'yan makaranta biyu-uku. Kocinmu malamin firamare ne, mutum mai haƙuri in ba a bakin fili ba. Mun daɗe muna fafatawa a ƙaramin rukuni, sai wata shekara Allah Ya dube mu muka haura babban rukuni na jiha. Ranar da muka dawo gida da labarin, har tsofaffin da ke kiran ƙwallo aikin banza sai da suka fito ƙofar gida suna ɗaga mana hannu.

Ni mai tsaron gida na biyu ne. Bari in faɗi gaskiya kan yadda na sami wannan matsayi. Dokar babban rukuni ta ce dole kowace ƙungiya ta rubuta gola biyu, mu kuwa ɗaya gare mu, wato abokina. Ni kuma yayana ya taɓa aiko mini da safar hannu ta gola daga Legas, mai kyau, irin wadda babu mai ita a duk unguwar. Sai aka rubuta sunana. Kowace ranar wasa ni ke shiga fili sanye da safar, ina tafa hannu ina gaisawa da jama'a, in an kusa busa usur sai in cire in miƙa wa abokina, in koma benci in harɗe ƙafa. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Abokin nawa ɗan wani ƙauye ne kusa da Diggi, ya zo Gwandu koyon walda wurin kawunsa. Dogo ne, shiru-shiru, hannunsa kamar faranti. Ba don shi ba da tun tsakiyar kaka mun tattara namu ya namu.

Domin kuwa babban rukuni ya koya mana hankali. A ƙasa, dabararmu ɗaya ce: kowa ya ruga gaba, wanda Allah Ya ba sa'a ya ci. A sama sai muka tarar da mutane masu natsuwa, su bar mu mu kwaso gudu mu goma, su karɓe ƙwallo, su jefa ta bayanmu, sai ka ga mutum uku sun nufi abokina shi kaɗai. Wasanmu na farko ban ma son tuna yawan abin da aka zuba mana. Koci ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe: "Ku koma baya! 'Yan baya, ku tsaya wurinku!" Ina! Kowane ɗan baya so yake a ce shi ya ci, a yi ta kiran sunansa a teburin mai shayi har mako ya zagayo.

Duk da haka kakar ta yi daɗi. A gida mukan taɓa abin kirki, don filinmu yashi ne, baƙi kan gaji tun kafin hutun rabin lokaci. Masu rake da masu gyaɗa su kewaye fili, mai kalangu ya zo ba wanda ya gayyace shi. Mun ga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba, mun sha kashi a wasu, mun sha fura a duka. Da aka zo wasan ƙarshe, lissafi ya tsaya a wuri ɗaya: za mu je Kalgo, in muka yi canjaras mun tsira, in aka ci mu mun koma inda muka fito. 'Yan Kalgo kuwa a shekarar ba a zuwa gidansu a dawo da dariya.

Saura kwana uku wasa, na je atisaye ban ga abokina ba. Aka ce mahaifinsa ya kira shi gida. Na buga masa waya.

Ya ce, "Wallahi ba ni iya tahowa. Shinkahwarmu ta rani ta nuna, jan-baki sun sauka hwadama. Baba yac ce ko taki guda ba ni yi sai an yanke ta, kuma mu biyu na, aikin kwana huɗu na aƙalla. Kai za ka tsare muna gida."

Wanda bai san jan-baki ba, tsuntsaye ne ƙanana masu zuwa dubbai, in suka sauka a gonar shinkafa suka yini biyu, sai dai mai gona ya kwashi kara. Don haka ban ga laifin tsohon ba, abincin gidansa na shekara ne. Amma ni abin da na ji kawai shi ne maganar ƙarshe. Ni zan tsare gida. Ni da ko a atisaye in aka buga mini mai ƙarfi sai in kauce in ce ta yi waje. Na hango kaina ina tafiya kasuwar Gwandu har tsufana ana nuna ni ana cewa ga wanda ya maido mu ƙasa.

Na kasa cin abinci. Mahaifiyata ta zuba mini ido kwana ɗaya, a na biyu ta ce, "Kai, mi ad da kai? Tun jiya kana juya tuwo awa marar lahiya."

Na kwashe labari na faɗa mata. Ta ci gaba da tsince wakenta, ba ta ko ɗago ba. Can ta ce, "To ku nawa na cikin ƙwallon ga taku?"

Na ce, "Mu ashirin da biyu, Inna."

"Ƙatti ashirin da biyu, ku kasa yanke gona guda kahin azahar? Ku yi mishi gayya mana."

Da yamma na tsaya gaban 'yan ƙungiya na yi jawabin da ban taɓa yin irinsa ba. Na yi maganar zumunci, na yi maganar haƙƙin aboki, na ce ƙungiyar da ba ta san gonar ɗanta ba ba ƙungiya ba ce. Ban ambaci mahaifiyata ba, ban kuma ambaci cewa tsoro ne ya kama ni ba. Koci ya dafa kafaɗata ya ce bai san ina da zurfin tunani haka ba. Da farko ya so ya ƙi don ranar gayyar ita ce ranar wasa, babu wata ranar da motar da muka samu za ta kai mu, amma da ya dube ni, ya tuna wanda zai tsaya a raga in ba a yi ba, nan take ya amince.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, kowa da laujensa a cikin jakar takalmin ƙwallo. Muka ratsa Birnin Kebbi, muka wuce Kalgo muna leƙen filin da za a yi ta ta ƙare, rana na ɗagowa muna bakin fadama. Mahaifin abokina na tsaye da malafa, yana ta kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye. Ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku na masu ƙwallon? To bismilla, mu gani ko hannuwanku sun kai ƙahwahunku."

Aka ja layi aka duƙa. Manoman cikinmu suka yi gaba, teloli na biye, ni da koci muna can baya muna ba da shawara. Ƙaiƙayi ya shiga wuya, rana ta buɗe, amma aikin taro daɗi gare shi, ana yi ana tsokanar juna. Maƙwabtan gona da suka ga abin mamaki, su ma suka shigo da laujensu. Kafin a kira azahar an yanke tas, an tara, an lulluɓe da tampol. Tsohon ya tsaya yana kallon gonar, ya cire malafa ya mayar, ya yi ta yi mana addu'a.

Muka yi salla muna shirin shiga mota, sai ga mata sun fito daga cikin gari a jere, kowace da kwano a ka. Tuwon shinkafa ne malmala-malmala, da miyar ɗanyen kifi, ga ƙwarya uku ta fura da nono. Koci ya yi tsalle ya tare hanya, ya ce a yi haƙuri, wasa gare mu da la'asar, ɗan ƙwallo ba ya cika ciki kafin wasa.

Mahaifiyar abokina ta sauke kwanonta a gabansa ta ce, "Malam, garin ga ba a yi muna aiki a tahi da yunwa. In kunka bar tuwon ga, da wane ido za ni duban maƙwabta? Tun asuba muke bisa wuta."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a ƙin tuwon gayya, cin fuska ne. Koci ya haɗiye yawu ya juyo ya ce mana, "Loma uku-uku, don girmamawa." To, mutanen da suka yini a duƙe tun safe ba su karya ba, ga miya na tururi. Ni dai na daina ƙirga tawa a ta goma sha wani abu. Da na ɗaga kai, koci ne na gani yana jawo malmala ta biyu yana cewa a miƙo masa kan kifin nan. Aka bi da fura. Cikin mota zuwa Kalgo babu mai magana, sai minshari.

Da muka shiga fili, 'yan kallo suka fashe da dariya, kuma suna da gaskiya. Wasu cikinmu ba sa iya miƙewa sosai saboda ciwon baya, ga ƙaiƙayi muna ta susa. Aka busa usur. Abin da ya faru daga nan har yau in na tuna sai na yi murmushi: babu wanda ya ruga gaba. Ba wai dabara ba ce, babu mai iyawa ne. Mutum goma suka taru gaban abokina suka tsaya cik kamar buhunan da aka jera a rumbu. 'Yan Kalgo su kawo ta dama su tarar da mutum, su kawo ta hagu su tarar da mutum. Wadda ta tsallake, abokina ya cafke. Abin da koci ya shekara yana roƙo, tuwo ya yi shi a zama ɗaya.

Har ta kai kocin da kansa ya gaji ya yi ihu, "Ku ɗan tahi gaba mana!" Wani ɗan bayanmu, wanda ya fi kowa son ci a duniya, ya juyo ya ce, "Malam, in nit tahi, wallahi ba ni iya dawowa."

Ana cikin haka sai ga akori-kura cike da mutanen ƙauyen abokina, da tsohon a gaba. Bai taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarsa, bai ma san wa ke cin wa ba, amma duk sanda muka buga ta waje sai ya ɗaga malafa.

Ni ina benci, ciki ya ɗauka, hankali kwance, ina yi wa kaina barka da wannan hikima. Saura kamar minti goma abokina ya yi tsalle ya ture wata, ya faɗi, bai tashi ba. Jijiyar ƙafarsa ce ta ɗaure, aikin safe ya nemi haƙƙinsa. Aka ja, aka murza, ina! Koci ya waiwayo ya dube ni. Na waiwaya bayana ko akwai wani, babu kowa sai jarkar ruwa.

Abokina ya cire safar ya miƙo mini, jiƙe sharkaf da gumi, ya ce, "Taka ta dai, yau ka sa ta da gaske."

Ban san yadda na isa raga ba. Na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Mutanenmu suka ƙara matsowa suka rufe ni, don sun san abin da suka ajiye a bayansu. Minti tara ƙwallo ba ta zo inda nake ba. A na ƙarshe wani ɗan Kalgo ya sami rata ya saki wata irin ƙafa. Na so in kauce, Allah Ya sani na so, amma tuwo ya riƙe ni. Na runtse ido, na ji tau a tsakiyar fuskata, na zauna daɓas. Da na buɗe ido ƙwallo na can bayan fili, hancina na zubar da jini, alƙalin wasa na busa tashi. Babu ci. Mun tsira.

Aka ɗaga ni sama ana juyi da ni, ina roƙon a sauke ni kafin furar ta dawo. Tsohon ya ratso jama'a ya kama hannuna ya ce wa ɗansa, "Kai kana ta kamawa da hannu. Wanga da huska yat tare. Wanga shi na namiji."

Sai bayan shekaru na iya gaya wa abokina gaskiya, cewa tsoro ne ya sa na kira gayyar, kuma dabarar ma ta Inna ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mun shina mana. Kana wa'azin zumunci ƙahwarka na rawa, an ba ni labari tun a gona."

A da na ji kunya, amma yanzu na daina. Na lura ba kullum alheri ke fitowa daga zuciya mai ƙarfi ba, wani lokacin matsoraci ne ke neman mafita sai ya faɗa cikinsa, kuma shinkafar da aka yanke ba ta tambayi niyyar kowa ba. Ƙungiyar ta yi shekarunta a sama, daga baya kowa ya kama gabansa, ban kuma sake tsayawa a raga ba ko sau ɗaya. Amma har yau, duk shekara in rani ya yi nisa, sai wayata ta yi ƙara, in ji muryar tsohon, ta ƙara raunana amma tsokanar na nan: "A hwaɗa ma mai tare ƙwallo da hanci, shinkahwa ta nuna."

Kuma ina zuwa. Yankan dai har yanzu ban iya ba, amma ba a taɓa kuka da ni wajen tuwo ba.