Kujerar Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Gulma, ni da kawuna da matarsa, wadda muke kira Inna. Asibiti za mu a Birnin Kebbi. Su biyun ciwo ɗaya ke damunsu: jijiyoyin jinin ƙafa sun tsuke, da sun ɗan taka sai sharaɓa ta ɗaure. A zuwansu na baya an ba su magani, aka kuma ce su riƙa tafiya kullum har ciwon ya taso, su huta, su ci gaba.

A Argungu muka canza mota. Kuɗin mota ya sake hawa, direba kuwa ya ce mu tambayi masu gidan mai. Kawu ya sayi soyayyen kifi yana ci, yana yi mana sharhin shinkafar fadama kamar shi ya shuka ta duka.

Ma'aikaciyar da ke duba su 'yar Filato ce, ta daɗe a unguwar Badariya har Hausarta ta koma ta Kabawa. Ta sa su taka doguwar barandar asibiti. Kawu ya kai ƙarshe ya dawo yana taƙama. Inna ko rabi ba ta kai ba ta dafa bango, amma da aka tambaye ta sai ta ce gajiyar mota ce kawai. Ma'aikaciyar ta taɓa ƙafar, ta ji ta sanyi ƙalau.

Ta tambayi kowa inda yake tafiyarsa. Na Kawu ba ya lissafuwa: masallaci, gona, kasuwa, majalisa. Inna kuwa tun da aka ji ba ta da lafiya surukanta suka karɓe komai. Ruwan alwala ma kawo mata ake yi, kujera na biye da ita duk inda inuwa ta koma. Kuma dattijuwa ba ta fita haka kawai, sai a ce 'ya'yanta sun wofintar da ita.

Ma'aikaciyar ta ce ta sha ganin haka. Mata kan zo a makare, su kira ciwo gajiya, kuma ko sun fara motsa jikin sau da yawa ba sa samun sauƙi da wuri kamar maza, balle wadda aka zaunar. Ba ta ɓoye ba, ta ce in jini ya ci gaba da ƙin sauka, ana iya rasa ƙafar.

"Inna, ba ki da 'yan'uwan da za ki riƙa gaisarwa a ƙarshen gari?"

"Akwai su tuli, ɗiyata."

"To kullum ki je gidan ɗaya. Wa zai zargi mai zumunci?"

Da la'asar muka iso Gulma. Tun daga bakin titi Inna ta ƙi hawa babur. Muka tako a hankali, tana tsayawa tana cije leɓe, Kawu na gaba yana waiwaye.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, umarni ɗaya aka ba su, amma gari ya buɗe wa namiji hanya, mace kuma ladabi ya tsare ta. Muna shiga gida babbar surukarta ta rugo da kujerar nan.

"Mai da ta ɗaki," in ji Inna. "Na hi son ƙahwata."