Agogon Jidda a Zauren Baba Alhaji

Jama'a, wannan abin ba ji na yi ba, da ni aka yi shi, kuma wallahi ko yanzu da nake rubutawa tsigar jikina tashi take. Shekarun baya ne, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwar Rano, wata ranar kasuwa sai ga wani dattijo an sauke shi daga babur, rungume da wani abu cikin tsohon ɗankwali kamar mai ɗauke da jariri. Baba Alhaji ake ce masa, mutumin Durba ne ta ƙasar Kibiya, tela ne da ya yi rabin rayuwarsa a Jidda, ciwo ya sa 'yan'uwa suka dawo da shi gida.

Yana kwancewa na ce kai! Agogon bango ne na da, gidan katako, ba ya cin batir, ba a murɗa shi da makulli, igiya gare shi sai an jona shi da wuta. Ni irin waɗannan tsofaffin kayan su ne raina. Na juya bayansa na ga an rubuta wutarsa ɗari da goma ce, tamu kuwa ninkinta ce, na ce, "Baba, Allah ya so ku ba ku jona ba, da tuni ya yi hayaƙi."

Ya ce, "Ai shi ya sa na kawo maka, ɗan nan. Ba lokaci nake nema a wajensa ba, ƙararsa nake so in ji."

Na samo masa 'yar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, muka jira aka kawo wuta, na jona. Sai ga shi ya ɗauka, wani ɗan gunji siriri kamar ƙudan zuma a cikin tulu, tsinken sakan yana zagayawa sumul ba tsalle. Tsohon nan ya kara kunnensa ya lumshe ido, can ya girgiza kai ya ce muryar ta yi ƙasa, ba haka yake yi a can ba. Kuma gaskiyarsa ne. Irin wannan agogon da bugun wuta yake ƙirga lokaci, wutar can tana bugu sittin a sakan ɗaya, tamu hamsin, don haka a nan nawa zai riƙa yi, duk awa ya ci bashin minti goma, kuma taransifoma ba ta da maganin wannan.

Haka ya naɗe agogonsa ya koma gida. Abin ya tsaya mini a rai, ina cin tuwo ina tunani. Sai dabara ta faɗo mini: janareta! Idan aka ƙara wa injin gudu, ai bugun wutarsa ma ƙaruwa yake. Wayyo daɗi! Washegari ko rumfa ban buɗe ba na ɗaure ƙaramin janaretana da taransifomar a babur na nufi Durba, damina ce, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ga taɓo, amma ko a jikina.

A zaure na same shi bayan azahar. Ina haɗa wayoyi yana ba ni labari, a nan na ji abin da ke cinsa. 'Ya ɗaya gare shi, Sa'adiyya, a can aka haife ta, mijinta ya tafi da ita wani gari mai nisa, suna can ciwo ya kayar da Baba Alhaji aka kwaso shi, wayarsa ta ɓace a hanya da lambobin ciki duka. Shekaru ke nan ba ta san inda yake ba, shi ma bai san inda take ba, kuma tsoronsa kada ya mutu a haka. Ya ce da ƙarar agogon nan aka yi renonta.

Na tayar da injin, ina murɗa sukurun gudu a hankali, gunjin agogon yana hawa, yana hawa, sai tsohon ya daka mini tsawa, "Tsaya! Nan ne!" Na gwada da agogon hannuna, wallahi daidai suke tafiya. Na yi tsalle na buga kabbara, shi kuma dariya har da tari. Muna cikin murnar nan injin ya yi tari shi ma ya mutu, mai ya ƙare.

Agogo bai tsaya ba.

Na ce ko sauran wuta ne, na finciko filogin daga taransifoma, ga shi a tafin hannuna, tsinke yana ta zagayawa abinsa. Ba wannan kaɗai ba, ina kallo dogon tsinken ya ɗauki gudu ya zaga sau biyu ya daidaita, wato ya koma lokacin Jidda. Sai wani zafi ya cika zauren, da ƙanshin turaren wuta da ƙarnin teku, a Durba fa, ana tsakiyar damina! Cikin gunjin kuma ina jin hon ɗin motoci can nesa, da shesshekar mace. Na ce da ƙarfi, "Baba Alhaji, na rantse da Allah filogin yana hannuna! Tun da nake gyara daga Rano har Durba ban taɓa ganin irin wannan ba!" Shi ko gezau, murmushi yake hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ita ce, ita ce." Bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba komai ya ɗauke, agogo ya tsaya cik. Yadda na kai Rano ranar, babur ɗin ne ya san hanya.

Bayan an yi girbi, ina rumfa sai ga Baba Alhaji da wata mata cikin baƙar abaya, bakinsa har kunne. Na ce sannunku da zuwa, ban rufe baki ba matar ta dafe ƙirji ta ja da baya, ta ce da wata Hausa mai karyewa, "Baba, wannan ne! Muryarsa ce!"

Ashe Sa'adiyya ce, cewa aka yi da ita mahaifinta ya rasu a hanya. Ranar nan da muka tayar da janareta ta je tsohon ɗakinsu na Jidda, ba kowa ba komai, tana tsaye tana kuka gaban ƙusar da ake rataye agogon, sai ta ji gunjinsa a bango, ta ji dariyar babanta da tarinsa, ta ji wani ƙato yana rantsuwa yana ambaton Rano da Durba. Da sunayen nan biyu ta yi ta cigiya har ta iso. Ta maimaita mini maganata kalma ba ta faɗi ba, har da filogin.

Na sake buɗe agogon nan daga baya, ba komai ciki sai nannaɗaɗɗiyar waya da haƙoran ƙarfe, na kuma jona shi ya fi a ƙirga, nawarsa kawai yake yi. Na tambayi malamai, na tambayi manyana a sana'a, kowa sai ya ce Allahu a'alamu.

Shawarata gare ku, duk wanda aka kawo wa tsohon kayan wuta daga wata ƙasa, ya duba bayansa kafin ya jona, ya yi bisimilla. Kuma ya iya bakinsa a gaban kayan, don ba ka san wa ke tsaye a ɗaya ɓangaren yana saurare ba.