Gawon Ƙarfe Na Ikilima

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, shida ga Zulƙida 1445, wato sha huɗu ga Mayu 2024, bayan la'asar, wata motar ɗaukar kaya tana ja da baya a lungunmu na unguwar Manfuha a Riyad ta bi ta kanki, Ikilima. Direban bai gan ki ba. Shekarunki shida. Kafin a isa asibiti Mai abu ya karɓi abinsa.

Ni ne kawunki Hamissou, mai walda, wanda kike toshe hanci idan ya shigo, kina cewa yana warin wuta. Ban iya rubutu mai daɗi ba, amma abin da ke cina ya ƙi kwanciya.

Ke 'yar Riyad ce, nan aka haife ki, Hausarki rabi da rabi. Kullum na dawo daga warsha, shagon da nake walda, sai ki tare ni da kofi kina cewa, "Kawu, sha moya, akwai sanyi." Rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa kafin ya iso hannuna. Ba ni kaɗai ba. Mai sharar titinmu, wanda manya ke wucewa ba su ko kalla, ya san kofinki. Ranar jana'iza ya ajiye tsintsiyarsa ya shiga sahu, yana kuka kamar shi ya haife ki. Kuma ba kya gajiya da tambayar gawon da ke ƙofar gidan kakanninki a Maraɗi, bishiyar da ba ki taɓa gani ba.

Mun kai ki makwancinki, mu maza. A garin nan kabari ba ya ɗaukar suna, dutse ne kawai a kai, mata kuma ba sa shiga maƙabarta. Ni kaina da na koma bayan mako guda, sai da na yi ta ƙirga layi, har yau ban tabbata a gaban naki na tsaya ba.

Mahaifiyarki Rahina, ƙanwata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ke ce 'yar fari, kuma ta riƙe alkunya irin ta gida: tunda aka raɗa miki suna ban taɓa jin ta faɗe shi ba, sai dai "yarinyar nan". Ta daina cin abinci, ta daina leƙa waje. Ga shi iƙamar mahaifinki Saidou, wato takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa, bayan Babbar Sallah za su koma gida. Ta ce ba inda za ta.

"Yaya," in ji ta, "in tafi in bar ta a ƙasar da babu ko alamar ta taɓa zama? Kai maƙeri ne. Ka ƙera min ita."

Ba zan ɓoye ba, na fara. Na lanƙwasa ƙarfe, na fitar da ƙafafu da kafaɗu. Da na zo kai, hannuna ya ƙi. Na san abin da addini ya ce game da surar mai rai, na kuma san ko na shekara ina walda ba ke zan fitar ba. Na sa wuta na yanke shi, na zauna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da wannan ƙarfen na ƙera gawo. Na je gidanku na auna zanen fensir na ƙarshe a jikin ƙofa, inda mahaifiyarki ke tsayar da ke kowace Sallah: mita ɗaya da santi goma sha biyu. Nan na tsayar da kan bishiyar, na goge ganyayen har suka yi santsi. Na ja bututu daga barrada, na'urar sanyaya ruwan da ake ajiyewa a bakin titi don sadaka, na fitar da famfo a jikin kututturen. Mai shagon bakin lungu, wani Bayamale, ya ba mu gindin bangonsa da wutar lantarki. Da ya gani sai ya ce, "Ya mu'allim, ka yi kuskure, bishiyarka gajera ce. Kowa sai ya durƙusa kafin ya sha." Na ce masa haka aka auna. Ban rubuta suna a jiki ba.

Juma'ar da ta wuce, da azahar, mahaifiyarki ta fito karo na farko. Mai sharar nan yana durƙushe yana sha, ya tashi ya ba ta wuri. Ta tsaya a gefen gawon, hannunta ya sauka a kansa daidai inda ya saba sauka. Ƙarfen ya sha rana, ni da na saba da wuta ba zan iya riƙe shi ba, amma ba ta janye ba. Ta daɗe a haka, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Yaya, idan mun tafi, ka yi wa Ikilima rumfa. Rana tana dukanta."

Ranar na fara jin sunanki a bakinta.

Ya Allah, ka haskaka makwancin Ikilima, ka sa ta zama mai ceton iyayenta, ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da bayinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saidou da Rahina, da kakanninta a Maraɗi da ba su taɓa ɗaukarta ba, da duk mutanen lungunmu. Allah ya ba mu dangana, ya sassauta wa direban nan abin da ke zuciyarsa, ya kyautata tamu in ta zo.

Jirginsu zai tashi ranar Laraba. Rumfar kuwa na riga na yanka ƙarfenta, gobe zan kafa ta, don ta gani kafin ta tafi.