Ƙuri'ar Inna

Ni 'yar fari ce, kuma har na yi aure na haihu ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Haka abin yake a gidanmu na Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yaba shi a gaban mutane, in da hali ma ba ta haɗa ido da shi. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki ce ma waccan randa ta ƙahe." Ina tsaye a gabanta fa. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin ciwo ba. Tun ina ƙarama abu ɗaya nake so a duniya, in ji ta bakinta cewa tana tare da ni.

Na girma na zama malamar firamare a Tudun Wada, cikin Gusau, kuma darasin zama ɗan ƙasa aka ba ni. Kullum bakina cike da haƙƙi: haƙƙin yaro, haƙƙin mace, haƙƙin mai zaɓe. Mijina har tsokanata yake yi, wai ko gishiri ya ce ya yi yawa a miya sai na karanto masa tsarin mulki. Duk Juma'a in an tashi makaranta nakan shiga mota in tafi gida. Da damina wannan hanyar mafarki ce. Gero da dawa sun rufe ƙasa, dutsen garinmu yana tasowa a hankali daga cikin kore, hadari ya kwanta masa a ka, wani lokaci sai in ga kamar dutsen ne ke tafiya ni ina tsaye. Nakan jingina kai da gilashi in yi ta shirya hirar da za mu yi da Inna, hirar da na san ba za a yi ba.

A wata daminar aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren unguwarmu, duk Asabar bayan azahar. Malamar daga Tsafe take zuwa, 'yar gajeruwa mai sanyin murya, da jakar leda cike da alli da guntayen fensir. Inna ta shiga, da furfurarta. Nakan zauna a bayan aji wai ina taimakawa, alhali bayanta kawai nake kallo, yadda take duƙufa a kan littafi tana danna fensir har bakinsa ya karye.

Bayan sun iya haɗa baƙaƙe, sai shugaban makarantar ya aiko cewa mata su fitar da mutum ɗaya da za ta zauna musu a kwamitin iyaye. Wata ta ambaci Goggo, yayar Baba, wadda ta yanke cibiyar rabin yaran unguwar. Wata kuma ta ambace ni, wai na san boko. Aka ce a ɗaga hannu.

Ko da aka kira Goggo, kowa ya saci kallonta, sai hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Wa zai zauna hannu a cinya tana kallo? Inna ma ta ɗaga, idonta a ƙasa. Da aka kira ni, hannun ƙawata ɗaya ne ya leƙo, shi ma ya koma yana gyara ɗankwali. Raina ya ɓaci, ba don kujerar ba. Na san ko Goggo ba ta nan, Inna ba za ta ɗaga wa 'yar fari hannu a cikin mutane ba, amma duk da haka sai da ƙirjina ya yi zafi.

Malamar ta yi murmushi ta ce, "Wanga ba zaɓe na ba, gaisuwa ta kunka yi. Goggo, ki yi haƙuri, za mu sake."

Goggo ta ce, "Sake mana, ɗiyata. Ni ma ina son in san masu sona tsakani da Allah."

Aka yi dariya. Malamar ta sa aka rataya tabarma a kusurwar aji, ta ajiye ƙwarya a bayanta ta rufe da faifai, ta yayyaga takarda ƙanana. Ta ce kowace za ta shiga ita kaɗai, ta rubuta sunan wadda take so, ta ninke ta jefa. Ta ce abin da mace ta rubuta a bayan tabarmar nan nata ne, miji ba ya tambaya, uwar miji ba ta tambaya, ita malamar ma ba ta tambaya. Kalma bayan kalma abin da nake gaya wa yarana a Gusau ke nan, na yi ta gyaɗa kai ina jin daɗin kaina.

Ana cikin haka ruwa ya sauko, marar iska, yana kaɗa kwanon rufi a hankali. Ajin ya yi duhu-duhu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga. Mata suna shiga suna fita kamar a cikin barci, ba ka jin komai sai ƙarar awarwaro da ruwan. Da layi ya zo kan Inna, ta shiga ta daɗe. Ƙafafunta kawai nake hange ta ƙasan tabarma, da tsohon lalle a dugaduganta, yatsun suna motsi. Har wata ta ce ko barci ya ɗauke ta. Da ta fito, mayafinta ya rufe mata rabin fuska, ta koma wurinta ba ta kalli kowa ba.

Goggo ce ta ci, kuma ta cancanta. Amma wannan karon na sami ƙuri'u masu ɗan dama, har Goggo tana cewa ashe akwai munafukai a ajin. Malamar ta tattara takardun ta zuba a jakarta.

Daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Ina rubutu a allo a Tudun Wada, hankalina yana cikin jakar ledar nan. Na san rubutun Inna, manyan baƙaƙe masu karkata, ko cikin dubu zan gane shi. Ran Laraba da aka tashi makaranta, na wuce garinmu a mota ban sauka ba, sai Tsafe. Na yi tambaya har gidan malamar. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Takarda ɗaya kawai nake so in gani.

Ta dube ni ta ce, "Malama, mi kike koya ma yara a Gusau?"

Na ajiye ludayin furar.

Ta ce, "Tun ran nan nis sa su a murhu. Ko suna nan ma, ba ni ba ki. Tsohuwar ga sau ɗaya tas samu wurin da ba mai kallonta, shi kike son ki leƙa?"

Kunya ta kama ni. Ni mai wa'azin haƙƙi, na biyo hanya don in sace na uwata.

A hanyar komowa na sauka a gida, bayan la'asar. Na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida tana tsinke zogale, ƙannena duk suna gona, ba wanda za ta aika da magana. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon tire. Na zauna na ja reshe ina tayawa. Na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi niyya, amma bakina ya fi ƙarfina.

Na ce, "Inna, ran Asabar kin daɗe a bayan tabarma."

Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Malama ta ce ba a tambaya. Ko ubanki bai tambaye ni ba."

Na ce, "Haka ne. Ki yafe mini."

Ganye ya ci gaba da zuba a tire. Na ɗauka maganar ta ƙare. Sai ta ɗago, ta dube ni ido cikin ido, ni ɗin, ba ƙanwata ba, ba bango ba.

Ta ce, "Abin da nir rubuta nawa na. Ni dai na san tun da aka haihe ni ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Kuma ni kaɗai ta a wurin."

Ta mayar da kai ga zogalenta. Ni kuwa na riƙe reshen nan na kasa tsinke ko ganye ɗaya, hawaye suna zuba a bayan hannuna, ita kuma ta ƙyale ni na yi kukana a kusa da ita.